Rami a kan hanya: wa zai biya diyya?

A Faransa, idan ƙanƙara ta daskare bisa kadarko har mota ta zame, kotu takan bincika ko hukuma ta kula da hanyar yadda ya kamata. A Cadawa babu ƙanƙara, sai ramuka, rairayi da zaizayar damina. Babbar hanya ta 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa, ita ce jijiyar fatauci; motar gero in ta kife, jarin shekara ya salwanta.

Inshorar dole, bisa yarjejeniyar CIMA ta 1992, tana biyan wanda mota ta cuta, ban da asarar mai motar kansa. Sai dai ƙa'idar shari'ar mulki da Nijar ta gada daga Faransa ta buɗe wata ƙofa: mai ƙara ya nuna lalacewar hanya ce sanadi, hukuma kuwa ta tabbatar da cewa ta yi gyara ko ta kafa alama. Gudun ganganci da lodin wuce kima suna rage diyya. Saboda haka takardar jandarma da shaidu su ne makamin ɗan kasuwa. Wanda ya biya kuɗin hanya yana da bakin tambaya.