Yadda kwamfuta ke mayar da sojojin Amurka fagen daga domin yi musu magani

Sojan yana zaune a ɗakin likita, amma abin da idanunsa ke gani titi ne mai ƙura a Iraƙi. Ya sanya wani tabarau na musamman da ke haɗe da kwamfuta, duk inda ya juya kansa hoton ya juya tare da shi. Dandamalin da ke ƙarƙashinsa yana girgiza kamar motar yaƙi, wata na'ura kuma tana busa masa warin man dizal da albarushi da ƙonanniyar taya.

Akalar komai tana hannun likita. Shi ke mayar da rana dare, ya ƙara ƙarar bindiga, ko ya tayar da bam a gefen hanya, yayin da sojan ke ba da labarin abin da ya same shi.

Cutar da ake son magancewa ita ce matsananciyar firgita da ke biyo bayan tashin hankali, wadda likitoci ke kira PTSD a taƙaice. Sai a shekarar 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka amince da ita a hukumance, bayan abin da aka gani ga waɗanda suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Mai fama da ita yakan yi mugayen mafarkai, ya kasa barci, ya zabura idan an buga ƙofa, ya kuma guji duk abin da zai tuna masa ranar da abin ya faru.

A shekarar 2008 cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta cewa sojoji kimanin 300,000 da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan suna fama da wannan cuta ko ciwon damuwa, kuma kusan rabinsu ba su nemi magani ba.

Gudun tunawa

Tushen maganin ya girmi na'urar. Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta daɗe da tsara wata hanya inda majinyaci ke maimaita labarin abin da ya firgita shi, zama bayan zama, har ƙwaƙwalwarsa ta gane cewa tunawa da hatsari daban yake da shiga cikinsa. Matsalar ita ce gudun tunawa yana cikin alamomin cutar. Wani sojan zai ba da labarin mutuwar abokinsa tamkar mai karanta rahoto, ya toshe zuciyarsa. Irin wannan ne ake fatan hoto da ƙara da wari za su buɗe.

An fara gwajin ne a birnin Atlanta a shekarar 1997, inda Barbara Rothbaum da Larry Hodges suka jagoranci ƙirƙiro Biyetnam ta kwamfuta: jirgi mai saukar ungulu, da wani fili a tsakiyar daji. Bayan mamaye Iraƙi a 2003, Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin California ya gina irinta ta Iraƙi, wadda daga baya aka faɗaɗa aka sa mata suna Bravemind. Abin mamaki, hotunan farko an ɗauko su ne daga wasan kwamfuta na Full Spectrum Warrior, wanda asalinsa an yi shi ne domin horar da sojoji yaƙi.

Shin ta fi zaman hira?

A nan ne zuzuta na'urar ya wuce abin da bincike ya nuna. Wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2016 ya raba sojoji 162 gida uku: masu amfani da tabarau, masu ba da labari da baki kawai, da masu jiran layi. Rukuni biyu na farko sun samu sauƙi fiye da masu jira. To amma tabarau bai fi tsohuwar hanyar ba, hasali ma bayan wata uku da wata shida waɗanda aka yi wa magani da hira sun fi samun sauƙi.

Masu goyon bayan na'urar suna cewa amfaninta shi ne jawo matashin da ya taso da wasannin kwamfuta, wanda ke jin kunyar a gan shi a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa. Hujja ce mai ma'ana, sai dai a wancan gwaji fiye da kashi ɗaya cikin uku na sojojin sun daina zuwa kafin su kammala zama 10 da aka tsara musu, a ɓangaren tabarau da na hira baki ɗaya.