Ƙarfe mai taurin baya da taushin ciki

Ƴan uwa manoma da maƙera, ga tambaya. Me ya sa haƙoran injin niƙa ke shekara da shekaru suna cizon juna ba su cinye ba, amma ƙusar da anka yanko daga ƙarfen gini ta lalace cikin ɗan lokaci? Amsar tana cikin gawayi.

Cikin gawayi akwai wani abu da masana ke kira karbon. Shi ne ke ba ƙarfe tauri. Ƙarfen gini karbon ɗinsa kaɗan ne, wajen kashi 2 cikin 1000. Don haka yana lanƙwasawa, ba ya karyewa da sauri. Amma ko an gasa shi an tsoma a ruwa, ba ya yin taurin kirki. Ƙarfen da karbon ya yi wa yawa kuwa yana da tauri, sai dai in ya sha bugu yana iya fashewa kamar kwalba.

Inji yana son duka biyu: baya mai tauri don kada ya cinye, ciki mai taushi don kada ya karye. Ku tuna da ƙosai, bayansa rumus, cikinsa laushi.

Yadda ake yi

Ana sa ƙarfen cikin akwatin ƙarfe ko na laka. A kewaye shi da garin gawayi. Maƙeran da sukan haɗa da ƙonannen ƙashi, ƙaho ko fata. A liƙe akwatin da laka don kada iska ta shiga. Sai a hura wuta har zafi ya kai digiri 900 zuwa 950. A wannan zafi ƙarfe bai narke ba, amma karbon na ratsa shi sannu-sannu, kamar yadda gishiri ke shiga nama. Bayan awa 6 zuwa 8, ya shiga wajen milimita 1. Karbon ɗin bayan ƙarfen ya kai kashi 8 cikin 1000, na ciki yana nan yadda yake.

Daga nan a tsoma shi da zafinsa cikin ruwa ko mai. A ƙarshe a sake ɗumama shi a digiri 150 zuwa 200, don a rage masa saurin tsagewa. Manyan masana'antu yanzu sun fi aiki da iskar gas mai karbon maimakon gawayi, amma dabarar ɗaya ce.

Abin da ido bai gani

In anka yanka ƙarfen, anka goge, anka duba da madubi mai ƙara girman abu, za a ga ƙarfe ƙwayoyi ne ƙanana manne da juna. A baya, sanyin gaggawa ya kulle karbon a ciki, ƙwayoyin sun zama kamar allurai a sarƙe. Sunansu martansit, daga sunan wani masani Bajamushe, Adolf Martens. Su ne taurin. A ciki kuwa ƙwayoyin masu taushi ne, su ke shanye bugu.

Irin wanga ƙarfe na tare da mu: cikin giyar babur da ta mota, cikin injin niƙa, cikin injin ban ruwa na masu albasa a Galmi da masu noman rani a Konni, da manyan injuna irin na masana'antar siminti ta Malbaza.

Shawara huɗu

1. Kafin ka sayi kayan gyara a kasuwar Konni ko Illela, goga magagari a kai. In ya zame, akwai tauri. In ya ci ƙarfen da sauƙi, ajiye kuɗinka.

2. Kada ka wasa haƙorin inji da dutse. Taurin siriri ne, in ka kankare shi sai taushi ya rage.

3. Kada ka kai shi ga mai walda ba dole ba. Zafi mai yawa na kashe taurin.

4. Kada inji ya rasa mai. Inji ya tsaya tsakiyar rani, albasa ta bushe, asarar ta fi kuɗin mai nesa.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙerin garinsu. Shi ya san wuta, kai ka san takarda.