Shirin Musamman: Alƙalami da Amana a Yaƙi da Ƙanjamau



Duk wanda ya leƙa ɗakin awon ciki bayan azahar, sa'ad da mata suka watse, zai tarar da malamar asibiti duƙe bisa manyan rijistoci, tana shigar da kowace mai juna biyu da aka yi wa gwajin ƙanjamau, da ranar gwajin, da sakamakonsa, domin idan wata ya ƙare a tattara alƙaluman zuwa ƙaramar hukuma, daga nan jiha, daga nan Abuja, har su isa hannun masu bayar da tallafi a Turai da Amurka.

Haƙiƙa wannan hisabi yana da hujja, domin tun da aka kafa Asusun Duniya mai tallafa wa yaƙi da ƙanjamau a 2002, Amurka kuma ta ƙaddamar da nata shirin tallafin, PEPFAR, a 2003, dukiyar da ake sayen magani da kayan gwaji da ita amana ce, malamai kuwa sun karantar da mu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma umarni ce da rubuta bashi. A 2016 masu binciken Asusun sun bankaɗo almundahana a Najeriya, har aka dakatar da sakin wasu kuɗaɗe. Sa'an nan binciken gida-gida na 2018 ya nuna cewa masu ɗauke da cutar kimanin miliyan 1.9 ne, alhali da ana zaton sun haura miliyan 3, kuma da wannan ƙididdiga aka gane cewa jihohi irin su Akwa Ibom da Binuwai su ne mafi buƙatar agaji.

Amma fa idan kowane mai tallafi ya zo da fom nasa, ma'aikaciya ɗaya tana cike uku ko huɗu a kan mace guda, lokacin nasiha da rarrashi shi ne zai salwanta. Rijista za ta nuna cewa wance ba ta dawo karɓar magani ba, a rasa mai sukunin bin sawunta, jaririn da ake son tsarewa kuwa yana cikinta.

Saboda haka wajibi ne hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da masu tallafi su daidaita takardunsu su zama ɗaya, su kiyaye sirrin marasa lafiya, su kuma riƙa mayar wa kowane asibiti sakamakon alƙalumansa, domin ma'aikatansa su yi aiki da su.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.