Tabon Lamba da Yaƙin Cacar Baka

A Tudun Wadan Zariya, da wuya a rasa dattijon da ke da wani faffaɗan tabo a dantsensa. Tabon lambar agana ke nan, kuma yana ɗauke da tarihin yadda manyan ƙasashen duniya biyu suka yi gasa, suka kuma haɗa kai, a Afirka ta Yamma.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi ta zawarcin Nijeriya saboda yawan jama'arta da arzikinta. Zariya ta ga wannan zawarci da idonta. Hukumar agaji ta Amurka ta turo malamai daga Jami'ar Pittsburgh zuwa Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, da wasu daga Jami'ar Jihar Kansas don kafa Tsangayar Likitancin Dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Ita kuwa Sobiyet ta buɗe wa ɗalibanmu ƙofofin jami'o'inta, ta kuma sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi a 1967.

Amma akwai abokin gāba guda da bai san jari-hujja ko gurguzu ba, wato ƙwayar cutar agana. Nau'inta mai tsanani kan kashe kusan mutum uku cikin goma da ya kama, ya bar wasu da makanta ko zanzana. Sai dai tana da lago: jikin ɗan Adam kaɗai take iya zama, ba ta da mafaka a jikin dabba ko sauro. In aka datse yaɗuwarta tsakanin mutane, ta ƙare. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai kowace ƙasa ta sa hannu, domin matafiyi ɗaya ya isa ya maido ta.

A 1958 wakilin Sobiyet, Viktor Zhdanov, ya nemi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙuduri aniyar kawar da cutar. Ƙasarsa ta ba da maganin rigakafi fiye da na mutum biliyan ɗaya. Amurka kuma ta ɗauki nauyin aikin a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 1967, aka yi ta bin kasuwanni da makarantu da bindigar allura. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana cewa duniya ta rabu da cutar.

Duk da haka zargi bai gushe ba. Ragowar ƙwayar tana nan a kulle a ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha, kuma har yau ba a cimma matsaya kan hallaka ta ba. Ɗalibin da ya ga tabon nan a dantsen kakansa, sai ya zauna ya tambaye shi labarin ranar da aka yi masa shi.