Yadda Kunne Ke Sa Baki a Abin da Ido Ya Gani

A shekarar 1997 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani gajeren rahoto na Robert Sekuler, malami a Jami'ar Brandeis da ke Amurka, tare da abokan aikinsa Allison Sekuler da Renee Lau. Gwajin da suka yi ko yaro zai iya kwatanta shi. Sun zaunar da mutane gaban kwamfuta suka nuna musu ƙwallaye biyu iri ɗaya sak, wannan ta taso daga hagu, waccan daga dama. Suna tafe har su haɗu a tsakiya, ɗaya ta rufe ɗaya, sannan su rabu. Sai a tambayi mai kallo: ratsa juna suka yi kowacce ta wuce abinta, ko karo suka yi kowacce ta koma inda ta fito?

Hoton kansa ba shi da amsa, domin ƙwallayen ba su da abin da ya bambanta su. Tun 1934 wani Bajamushe, Wolfgang Metzger, ya yi nazarin irin wannan hoto, kuma an san cewa idan an nuna shi shiru, yawancin mutane wucewa suke gani. Abin da su Sekuler suka ƙara shi ne ɗan sauti guda, ƙas, daidai lokacin da ƙwallayen suka haɗu. Nan take labari ya canza, masu kallo da yawa suka koma ganin karo. Ba a taɓa komai a hoton ba. Mutanen kuma ba cewa suka yi sun ji kamar an yi karo ba, cewa suka yi sun gani.

Mu da muka tashi da karin maganar nan ta gani ya kori ji, wannan sakamako yana da ɗan nauyin haɗiya. Amma bai tsaya shi kaɗai ba. A 2000, Ladan Shams da Yukiyasu Kamitani da Shinsuke Shimojo, a cibiyar Caltech ta Kalifoniya, suka walƙa haske sau ɗaya a fuskar kwamfuta tare da ƙara biyu a jere. Mutane suka ga walƙiya biyu. Abin da ya fi ɗaure kai, ko an gaya wa mutum gaskiyar abin tun farko, ya sake kallo, sau da yawa biyun dai zai gani. Saninsa bai kai inda ake yanke wannan hukunci ba.

To me ya sa ƙwaƙwalwa za ta bar kunne ya gyara wa ido aikinsa? Saboda kowannensu da inda ya fi ƙwarewa, ita kuma tana bai wa wanda ya fi iyawa rinjaye. Idan maganar wuri ce, ido ne gwani. Shi ya sa muryar mai karanta labarai a talabijin take fito mana daga bakinsa, alhali lasifikar tana can gefen akwatin. Idan kuwa maganar lokaci ce, ido yana da nawa. Hotuna 24 da ba sa motsi, idan aka jera su cikin sakan guda, sun isa su sa shi ya ga mutum yana tafiya, kuma a kan wannan aka gina silima baki ɗaya. Kunne ba a yi masa haka. Yana iya gane ɗan yankewar sauti da bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 1,000 na sakan ba. Motsi kuma wuri ne da lokaci a haɗe: abu yana nan, sai ga shi can, cikin ɗan lokaci kaza. Rabin tambayar ke nan a hannun kunne take.

Haɗa ji da gani ba ƙaramin aiki ba ne, domin ba tare suke isowa ba. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, sauti kuwa mita 340 da ɗoriya. Duk wanda ya taɓa hango mata suna daka daga ƙetaren fili ya san wannan da idonsa. Taɓarya ta sauka cikin turmi shiru, har ta fara ɗagowa, sannan dum ɗin ya iso. Daga nisan mita 100, jinkirin ya kusa sulusin sakan. Ka taho kana matsowa, tazarar tana raguwa, har ka iso wani wuri da sauka da ƙara za su zama abu guda, tun kana da sauran tafiya kafin ka kai bakin turmin. A wurin har yanzu sautin yana makara, ƙwaƙwalwa ce ta yafe masa. Tana da ɗan sarari na kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na sakan, duk abin da aka gani da abin da aka ji a cikinsa takan ɗauka daga tushe ɗaya suka fito. A cikin wannan sarari ne ƙas ɗin su Sekuler yake aiki. Idan aka nisanta shi da lokacin haɗuwar ƙwallayen, sai tasirinsa ya dushe, su koma wucewarsu.

Masu shirya fim sun riga masana cin moriyar wannan. Naushin da jarumi yake kai wa mugu a fim ɗin Indiya ko na Kannywood ba ya taɓa fuskar kowa, iska yake bi. Ƙarar da aka ɗora daga baya ce take saukar da shi a muƙamuƙi. Kashe sautin ka sake kallon faɗan, za ka ga giɓin da ke tsakanin hannu da fuska. Masanin fim ɗan Faransa Michel Chion ya kawo misalin da ya fi wannan, daga fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980: a wasu wurare an ɗauki hoton ƙofa a rufe, aka bi shi da hotonta a buɗe, aka sa ƙarar shuu a tsakani. 'Yan kallo suka ga ƙofa tana zamewa, motsin da kyamara ba ta taɓa ɗauka ba.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wuraren da hanyoyin biyu suke gamuwa. A shekarun 1980, Barry Stein da Alex Meredith sun auna ƙwayoyin jijiya a can tsakiyar ƙwaƙwalwar kyanwa, suka tarar da waɗanda ke amsa haske da sauti duka, kuma idan biyun suka zo tare daga wuri ɗaya, amsar takan ninka ta kowanne shi kaɗai. Akwai kuma wani yanki ta wajen ƙeya, a kowane ɓangare, wanda masana ke kira V5, aikinsa gane motsi. Darajarsa ta fito fili a labarin wata mata da likitoci a birnin Munik na Jamus suka bayyana a 1983, suka sakaya sunanta da haruffa L.M. Toshewar jijiyar jini ta lalata mata wannan yanki a ɓangarorin biyu. Tana ganin launi, tana gane fuska, amma motsi ya ɓace mata. Idan tana zuba shayi, ruwan yakan tsaya mata cak kamar ƙanƙara, ba ta ganin kofi yana cikowa sai dai ta tarar ya malala. Titi ya zama mata abin tsoro: mota tana can nesa, sai kawai ga ta a gabanta, babu abin da ya shiga tsakani. Abin da ya taimake ta daga baya kunne ne. A hankali ta koyi ƙiyasta kusancin mota daga yadda ƙararta ke ƙaruwa. Binciken da aka yi kan waɗanda suka makance tun suna ƙanana ya nuna ɗaya fuskar al'amarin: wannan yanki nasu bai zauna banza ba, yana amsa sautin da ke tafiya daga wuri zuwa wuri.

Har a filin wasa abin ya kai. 'Yar wasan tanis Martina Navratilova ta daɗe tana cewa gurnanin da wasu 'yan tanis ke yi lokacin buga ƙwallo maguɗi ne, domin yana rufe ƙarar bugun da abokin karawa ke dogara da ita. A 2010 Scott Sinnett da Alan Kingstone suka gwada, suka tarar cewa ƙara a daidai lokacin bugu tana jinkirta masu kallo wajen gane inda ƙwallo ta nufa, tana kuma ƙara musu kuskure.

Inda maganar ta fi damuna shi ne bakin titi. Mai tsallaka hanya yana tsammanin da ido yake auna mota, amma ido ba shi da kyau wajen gane abin da ke ƙara gudu yana tunkaro ka. Daniel Oberfeld da Marlene Wessels na Jami'ar Mainz a Jamus sun gwada wannan da titin kwaikwayo na kwamfuta, suka wallafa a 2022. Idan mota tana ƙara wuta kuma babu sauti, mutane sukan ɗauka suna da sauran lokaci fiye da abin da suke da shi. Da aka sa rurin injin fetur, ƙiyasinsu ya gyaru sosai. Da aka sa sautin motar lantarki, gyaran bai kai haka ba, ko da an ƙara mata ƙarar gargaɗi. Ashe rurin da muke ƙorafi a kansa yana gaya mana abin da direba yake yi da ƙafarsa.

Ƙasashen da suka riga mu cika da motocin lantarki sun ɗauki mataki, kuma ƙungiyoyin makafi ne suka fi matsa lamba. Amurka ta yi dokar kare masu tafiya a ƙasa wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a farkon 2011, aka wajabta wa motocin lantarki yin ƙara idan gudunsu bai wuce kilomita 30 a awa ba. Tarayyar Turai ta fara tata a Yulin 2019, har zuwa kilomita 20 a awa. Sama da haka, ƙarar taya da iska ta wadatar.

Mu ma abin ya iso mu. Maiduguri tana da motocin haya na lantarki, babura da kekuna masu caji kuma suna ƙaruwa a garuruwanmu tun da fetur ya yi tsada. Ina maraba da su, domin hayaƙi da hayaniya sun ci lafiyarmu ba kaɗan ba. Sai dai titunanmu ba irin na Mainz ba ne. A bakin kasuwa, mai tura baro da ɗan makaranta da tsohuwa da makaho da ɗan jagoransa duk a kwalta ɗaya suke da abin hawa, kuma da yawansu da kunne suke kaucewa kafin su waiga. Wani zai ce ai akwai hon. Hon yana cewa ga ni nan ne kawai, ba ya faɗin gudun da ake yi ko ƙarin wutar da aka ba inji, kuma sai direba ya ga mutum yake danna shi. Saboda haka ya kamata hukumomin da ke duba ingancin abin hawa da masu shigo da su su sa na'urar ƙarar gargaɗi cikin abubuwan da ake tambaya tun a tashar jiragen ruwa, kafin babur ya hau titi. Matashin da ke tsallaka hanya da iyafis a kunnuwa biyu kuwa, ya cire ko da guda ɗaya har ya kai ɗaya gefen.