Sankarar Tumbi: Gwajin Ƙwayoyin Gado da Majinyacin Jere

Mutum biyu kan zo asibiti da sankarar tumbi, ƙarin da ke cikinsu girma ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya, amma wannan ya yi shekaru yana noma, wancan ko baɗi bai kai ba. Wannan bambanci ne ya sa likitoci suka daina tsayawa ga girman ƙari da nisan yaɗuwarsa kaɗai. Yanzu har aikin ƙwayoyin gado suke aunawa a cikin tsokar ƙarin, su ga wacce ta wuce kima, wacce ta yi sanyi.

Kuɗin wannan awo ya sauko ƙwarai, amma abin da ya fi tura likitoci gare shi magani ne. A 2010 gwajin ToGA ya nuna cewa masu ƙarin da ke fitar da furotin HER2 da yawa, kusan mutum 1 cikin 5, idan aka haɗa musu trastuzumab da kemo, matsakaicin kwanansu kan tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8. Ratar ba ta kai wata uku ba, sai dai daga nan aka fara zaɓar magani gwargwadon alama. A 2014 masana na shirin TCGA a Amurka suka duba ƙari 295, suka kasa cutar gida huɗu. Daga baya aka lura cewa ƙari mai ɗauke da ƙwayar cutar EBV, da wanda ya kasa gyara kurakuran DNA ɗinsa, sun fi zuwa da sauƙi, kuma sun fi jin maganin da ke zaburar da garkuwar jiki.

A nan akwai abin lura. HER2 na taimakawa wajen zaɓen magani, amma masana ba su yi ittifaƙi a kan cewa ita kaɗai tana nuna tsawon kwana ba. Sannan galibin tsokar da aka gina wannan ilimi a kanta daga Turai, Asiya da Amurka ta fito. Mu kuwa lamarinmu na da nasa sarƙaƙiya. Tun 1992 Holcombe, likitan da ya yi aiki a Maiduguri, ya ja hankali cewa ƙwayar Helicobacter pylori, babbar mai haddasa wannan sankara, ta cika cikin jama'armu, amma ba a ganin cutar da yawa. Ƙarancin cutar ne, ko ƙarancin bincike? Har yau ana muhawara.

Majinyacin Jere ko Kagarko, a kudancin Kaduna, ba a ɗakin gwaji matsalarsa take farawa ba. Da ciki ya murɗa sai a ce olsa ce, a nufi kemis a sayo omeprazole, zafi ya lafa, cuta na ci. Kafin a kai shi asibiti a Shika ko Abuja a zura masa bututu mai kyamara, ya rame, abinci ba ya zama. A wannan mataki, ko an gano HER2, kuɗin maganin ya fi ƙarfin manomin citta, kuma asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da sankarar mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza ya fara. Ita kuwa Koriya ta Kudu, inda ake leƙa tumbin duk wanda ya kai shekara 40 bayan kowace shekara biyu, fiye da kashi 70 cikin 100 na majinyatanta suna wuce shekara biyar. Gano cuta da wuri ne ya ba su wannan.

A ganina, kudancin Kaduna ya fi buƙatar na'urar leƙa ciki mai aiki kullum a Kafanchan, da gwajin Helicobacter mai araha, da adana tsokar da aka yanko domin mu san alamomin namu mutanen. Kai kuma mai karatu, idan ka haura 40, olsarka ta ƙi jin magani, kana ramewa, ko bayan gidanka ya yi baƙi, ka nemi likita ya leƙa cikinka tun kana tafiya da ƙafarka.