Wayar Salula a Hannun Manomi: Abin da Take Iya Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Fasahar dijital, wato hanyoyin tattara bayani da adana shi da aikawa da shi ta na'urori irin su waya da kwamfuta da tauraron ɗan'adam, ta shiga harkar noma a ƙasashe masu tasowa ta wata ƙofa da ba a yi tsammani ba. A ƙasashen da suka ci gaba ana batun taraktoci masu tuƙa kansu da jirage marasa matuƙa masu feshin magani, amma a mafi yawan Afirka na'urar da ta fi yin tasiri ita ce ƙaramar wayar hannu, wadda aikinta bai wuce kira da saƙon tes ba. Dalili kuwa shi ne babban abin da ke tauye ƙaramin manomi, bayan ƙarancin jari, shi ne rashin labari: bai san farashin hatsi a kasuwar da ke nesa da shi ba, bai san lokacin da damina za ta kankama ba, kuma sau da yawa bai san maganin ƙwarin da suka faɗa wa gonarsa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma abin da ya faru a Nijar da Najeriya da Habasha ya nuna iyakar hasken da waya za ta iya kawowa.

Tsakanin shekarar 2001 da 2006 sabis ɗin waya ya riƙa isa kasuwannin Jamhuriyar Nijar ɗaya bayan ɗaya, lamarin da ya bai wa masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, wadda ta yi aiki a Jami'ar Tufts da ke Amurka, damar kwatanta kasuwannin da suka samu sabis da waɗanda ba su samu ba tukuna. Kafin zuwan waya, ɗan kasuwar da ke son sanin kuɗin buhun gero a wani gari sai ya hau mota ya je da kansa, ya kashe kuɗi da lokaci, ko kuwa ya dogara da labarin direbobi wanda ƙila ya riga ya kwana biyu. Binciken nata, wanda aka buga a 2010, ya gano cewa waya ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi yawa a tsakanin kasuwannin da kuɗin dakon kaya ya fi tsada a tsakaninsu. Abin da hakan ke nufi shi ne fatake sun fara kai hatsi inda ake buƙatarsa cikin hanzari, maimakon ya yi kwantai a wata kasuwa alhali ana nemansa ruwa a jallo a wata.

Sai dai wani bincike da ta sake yi tare da Marcel Fafchamps, wanda ya duba kuɗin da manomi kansa ke karɓa idan ya sayar da amfanin gonarsa, ya nuna cewa tazarar farashin wake ta ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari, ta gero da dawa ba ta canja ba, kuma a jimlace kuɗin da ke shiga aljihun manomi bai ƙaru ba. Wannan sakamako bai kamata ya ba kowa mamaki ba, domin manomin da bashi ya tilasta wa sayar da hatsinsa tun kaka, wanda ba shi da rumbu mai inganci ko abin hawan da zai kai kaya kasuwa mai nisa, sanin cewa farashi ya fi kyau a Maraɗi ko Dawanau ba zai hana shi sallama wa dillalin da ya same shi har gida ba. Labari yana amfanar wanda ke da halin aiki da shi, kuma a wancan lokaci masu wannan hali 'yan kasuwa ne.

A Najeriya an yi amfani da waya wajen magance wata matsalar dabam, wato karkatar da takin gwamnati. Shekaru da dama gwamnati ta riƙa sayen taki tana rabawa da kanta, amma kaso mai yawa yana ɓacewa a hannun 'yan kwangila da masu faɗa a ji, daga baya ya bayyana a kasuwa da tsada. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka soma wani shiri na tallafi wanda ya dogara da asusun waya da kamfanin Cellulant ya tsara. Ana yi wa manomi rajista, sannan a aiko masa da saƙon tes mai ɗauke da lambar da zai kai wa dilan kayan gona da aka amince da shi, ya karɓi buhu biyu na taki a kan rabin kuɗinsu tare da ingantaccen iri, gwamnatin tarayya da ta jiha su biya ragowar. An yi wa miliyoyin manoma rajista, kuma a karon farko aka samu hanyar tantance wanda ya karɓa da wanda bai karɓa ba.

Duk da haka, matsalolin da shirin ya fuskanta ba na na'ura ba ne kaɗai. A ƙauyuka da yawa babu sabis, wasu manoma ba su da waya ko ba sa iya karanta saƙon, wasu cibiyoyin karɓar kaya sun yi nisa, takin ma wani lokaci ba ya isowa sai an wuce lokacin zuba shi. Uwa uba, gwamnati ta tara bashin dilolin taki, kuma da kuɗi suka daina fita sai shirin ya durƙushe. Waya ta toshe wata kafa ta sata, amma ba za ta iya biyan bashin gwamnati ko gyara hanyar da motar taki za ta bi ba.

Fanni na uku shi ne isar da ilimin noma, ganin cewa malaman gona sun yi ƙaranci ƙwarai, har malami ɗaya kan ɗauki nauyin dubban manoma. A 2014 hukumar bunƙasa noma ta Habasha ta buɗe layin waya mai lamba 8028, wanda manomi zai kira kyauta ya saurari shawara a kan shuka da taki da yaƙi da ƙwari a harsunan ƙasar, irin su Amharanci da Oromanci da Tigriyanci, kuma miliyoyin mutane sun yi amfani da shi. Sirrin karɓuwarsa shi ne an gina shi a kan murya, ba a kan rubutu ba, kuma ba ya buƙatar babbar waya ko intanet. Haka kuma, bayan da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Yammacin Afirka a 2016, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wata manhaja da ake shigar da rahoton gonakin da tsutsar ta kama, domin a ga inda take yaɗuwa a kai ɗauki da wuri.

Waɗannan misalai sun isa su zama jagora ga hukumomi da kamfanonin da ke son shiga wannan fage. Wajibi ne bayani ya zo da murya kuma da harshen da manomi ke ji, a haɗa shi da rediyo wanda ya daɗe da samun amincewar mutanen karkara, sannan a kula da mata, waɗanda ke da babban rabo a sarrafa amfanin gona da sayar da shi amma suka fi maza rashin waya ta kashin kansu. Wajibi ne kuma a kare bayanan da ake karɓa daga manoma, kada sunayensu da girman gonakinsu su zama haja a hannun masu ba da rance mai tsanani. Fiye da duka, kuɗin da ake kashewa a kan manhajoji bai kamata ya cinye na rumbunan ajiya da hanyoyin karkara da wutar lantarki da bashi mai sauƙi ba, domin waɗannan ne ke bai wa manomi ƙarfin riƙe hatsinsa har farashi ya gyaru, da kuma sayen maganin da aka ba shi shawara ta waya.